Tarangambadi, Garin da Teku ke Yi wa Waƙa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, a wannan wata muna so mu ɗauki masu karatunmu, manya da yara, mu kai su wani ɗan ƙaramin gari a kudancin ƙasar Indiya, a bakin Tekun Bengal. Sunan garin Tarangambadi. Da harshen mutanen wurin, watau Tamil, ma'anar sunan ita ce wurin da raƙuman ruwa suke waƙa. Da Turawa suka zo, sunan ya yi musu nauyi a baki, sai suka mai da shi Tranquebar. Da wannan suna ne aka san shi a littattafan tarihi.

Garin ba shi da girma. A ƙidayar 2011 mutanensa dubu 23 ne da 'yan kai, har da na unguwannin da ke kewaye da shi. Tsohon garin kuwa, mutum ya iya zagaya shi da ƙafa kafin uwargida ta gama tuƙa tuwo. Amma a cikin wannan ɗan wuri akwai haikalin Hindu mai shekara fiye da 700, da kagarar Turawa mai shekara 400, da tsohon masallaci, da majami'u biyu da suka haura shekara 300. Abin da ya kai mu ke nan, mu ga yadda waɗannan duka suka zauna gab da juna, mu ga kuma wanne ya mutu, wanne yake da rai.

Hanya da mutanen gari

Daga babban birnin Cennai, wanda dā ake kira Madras, muka nufi kudu a mota, tafiyar kamar kilomita 280. Ƙarshen tafiyar ta ratsa ƙasar da kogin Kaberi yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ko'ina gonakin shinkafa ne kore shar, da itatuwan kwakwa, da wata irin giginya 'yar'uwar tamu. Ana shiga tsohon garin ta wata farar ƙofa da aka gina a 1792. Daga nan titi ya miƙe sak har bakin teku, sunansa Titin Sarki.

Wanda ya yi sammako zai ga matan Hindu sun share ƙofar gida, sun yayyafa ruwa, sun sunkuya suna yin zane a ƙasa da farin gari. Sunan zanen kolam. Kafin azahar ƙafafu sun shafe shi, gobe kuma a sake wani. Mata suna saƙala fararen furanni masu ƙanshi a gashinsu, maza da yawa kuwa zane suke ɗaurawa a kugu. Abincin safe shi ne idli, ɗan'uwan masa, gama da ƙullun shinkafa da wani irin wake ake yinsa, a bar shi ya kwana ya tashi, sai dai turara shi ake yi, ba toyawa ba. Da rana akan zuba wa baƙo shinkafa da miya a kan ganyen ayaba, ya ci da hannun dama kamar yadda muke yi.

Mafi yawan mutanen garin Hindu ne, akwai kuma Musulmi da Kirista. Musulmin wannan gaɓa tun dā an san su da fatauci a teku, masallacinsu kuwa yana cikin tsohon garin. Dukansu harshe ɗaya suke yi. Tamil tsohon harshe ne ƙwarai, ana rubutu da shi tun fiye da shekara 2,000, masu yinsa kuwa sun fi miliyan 70.

Haikalin da teku ke ci

Ginin da ya fi kowane tsufa a garin shi ne haikalin Masilamani Natar. An gina shi a 1306, a zamanin sarki Marabarman Kulasekara na gidan sarautar Pandiya, watau shekara 314 kafin Turawan Danmak su sa ƙafa a wurin. Ma'anar sunan ita ce mai sarauta wanda yake kamar dutse mai daraja marar aibi. Suna ne na Shiba, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu. Rubutun da aka sassaƙa a bangonsa ya nuna cewa tun a lokacin garin matattarar fatake ne.

Haikalin yana bakin ruwa sosai, teku kuwa ya daɗe yana cinsa. Sashin da ke gabas ya riga ya rushe, manyan duwatsun gininsa suna nan zube, ruwa yana dukansu dare da rana. Ba haikalin kaɗai ba, tsofaffin taswirorin garin sun nuna tituna da ganuwa a inda yanzu babu kome sai ruwa. An jera manyan duwatsu a gaɓar don a rage ƙarfin raƙuman, an kuma gyara abin da ya ragu na haikalin, an shafa masa fenti mai launi iri-iri.

Yana da kyau mu faɗa wa masu karatu abin da ake yi a irin wannan wuri, gama yawancinmu a majigi kaɗai muka taɓa gani. Haikalin Hindu ba ɗakin taro ba ne kamar majami'a, inda jama'a za su zauna su ji wa'azi. A wurinsu gidan allahn ne, mutane sukan zo gaisuwa ɗaya-ɗaya ko iyali-iyali. Akan tuɓe takalma a waje. A can ƙurya akwai ɗan ɗaki mai duhu inda firist kaɗai yake shiga. A haikalin Shiba abin da ke cikin ɗakin shi ne wani gajeren ginshiƙin dutse mai santsi, ana ce da shi lingam. Firist yakan wanke shi da ruwa da madara, ya yi masa ado da furanni, ya kewaya masa fitila, ana kaɗa ƙararrawa. Masu sujada sukan kawo kwakwa da ayaba, a ba su farar toka su shafa a goshi. In ka ga mutum da layi uku na toka a kwance a goshinsa, to, mai bin Shiba ne.

Akwai waɗansu ƙananan haikalai a lungunan garin, na Bishnu, da na Ganesha mai kan giwa. Masunta kuwa suna da tasu allahiya, Renuka Debi, wadda suke kira Amman, watau uwa.

Zuwan mutanen Danmak

A 1618 sarki Kiristiyan na huɗu na ƙasar Danmak ya aiki jiragen ruwa zuwa gabas neman kasuwa, a ƙarƙashin wani saurayi mai suna Ove Gjedde. A watan Nuwamba 1620 suka yi yarjejeniya da Ragunata Nayak, sarkin Tanjabur, ya ba su izini su zauna a Tarangambadi, su riƙa biyansa rupi 3,111 kowace shekara. Wasiƙar da sarkin ya aika wa takwaransa na Danmak a kan fallen zinariya aka rubuta ta, tana nan ajiye a Kofanhegan. Nan da nan suka gina kagara a bakin teku, suka sa mata suna Dansborg.

Abin da ya kawo su shi ne masoro da yadi. Masaƙan wannan gaɓa sun shahara, yadinsu ma ya riƙa isowa gaɓar Afirka ta Yamma a jiragen Turawa, inda ake musayarsa da bayi. A Tarangambadi kanta an sayi mutane an sayar, musamman a shekarun yunwa. Kasuwar dai ba kullum take ci ba. Daga 1643 zuwa 1669 ko jirgi ɗaya bai zo daga Danmak ba. Turawan suka yi ta mutuwa, har ya rage saura mutum ɗaya tak ɗan Danmak, wani soja mai suna Eskild Kongsbakke. Shi ya riƙe kagarar da taimakon mutanen gari har jirgi ya zo.

Bayan shekara 225, a 1845, Danmak ta sayar wa Ingilishi garin tare da wani garinta mai suna Serampur a kan rupi miliyan 1 da dubu 250. Bayan shekara biyar ta sayar musu da kagarunta na gaɓar Gana, har da ta Osu a Ankara, wadda 'yan'uwanmu mazauna can suka sani. Da jirgin ƙasa ya isa Nagapattinam a 1861, ciniki ya koma can, Tarangambadi ta yi tsit. Yanzu kagarar Dansborg gidan ajiye kayan tarihi ce. 'Yan makaranta suna shiga su kalli tsofaffin takubba da kuɗaɗe, su fito su sha iska.

Saurayin da ya zauna a ƙasa

Turawan nan sun yi shekara 86 a garin ba su damu su yi wa mutanen ƙasar bishara da harshensu ba. Sun gina wa kansu majami'ar Sihiyona a 1701, ana sujada da harshensu. Sai ran 9 ga Yuli 1706 jirgi ya sauke waɗansu samari biyu Jamusawa, Bartholomäus Ziegenbalg da Heinrich Plütschau, waɗanda sarki Firedirik na huɗu ya aiko. Su ne 'yan mishan na Furotesta na fari a Indiya. Ziegenbalg yana da shekara 23. Gwamnan garin bai yi murna da zuwansu ba, gama yana tsoro kada su ɓata masa ciniki.

Ga abin da ya sa muke son iyaye su karanta wa yara labarin wannan mutum. Da ya ga ba shi da harshen mutane, sai ya roƙi wani tsohon malami ya kawo makarantarsa cikin gidansu. Shi da abokinsa suka zauna a ƙasa cikin yara, suna zana baƙaƙen Tamil da yatsa a kan rairayi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kafin shekara ta kewayo ya fara wa'azi da Tamil. Waɗanda aka fara yi wa baftisma, a watan Mayu 1707, bayi ne su biyar.

Bai tsaya a harshen kasuwa ba. Littattafan Tamil a lokacin a kan ganyen giginya ake rubuta su da tsinken ƙarfe. Ya yi ta saye, yana sa a kwafa masa, ana karanta masa har dare. A 1708 ya aika gida da bayanin littattafai 119 na Tamil, ya kuma juya waɗansu littattafansu na hikima da Jamusanci, domin mutanen Turai su daina cewa Indiyawa jahilai ne. Ya riƙa rubuta wa Hindu masu ilmi tambayoyi a kan addininsu da al'adunsu, suna ba shi amsa a rubuce, har wasiƙa 99. A 1713 ya gama wani littafi a kan allolin kudancin Indiya, da sunayensu, da haikalansu, da bukukuwansu. Malaminsa na garin Halle a Jamus, August Hermann Francke, ya ƙi buga shi, a ganinsa ba wannan aiki aka aike su yi ba. Littafin bai fito ba sai bayan mutuwar mai shi da shekaru masu yawa. Yau masana tarihi, har da Hindu, suna amfani da shi don su san yadda ake sujada a ƙasar Tamil shekara 300 da suka wuce.

Kada a ɗauka cewa ya yarda da bautarsu. Bai yarda ba, ya kuma faɗa musu a fili, wani lokaci ma da kakkausan harshe. Amma bai yi gardama a kan abin da bai sani ba. Ya bi sawun manzo Bulus, wanda ya zaga birnin Atina ya duba wuraren sujadarsu tukuna, sa'an nan ya buɗe baki.

Wahalarsa mafi tsanani ba daga Hindu ta zo ba, daga 'yan'uwansa Turawa ne. Ya tsaya wa wata gwauruwa a kan shari'ar bashi, gwamna Hassius ya husata, ya kulle shi a cikin kagara wata huɗu, daga Nuwamba 1708 zuwa Maris 1709. Da ya fito ya koma kan aikin juya Sabon Alkawari, ya gama a 1711. Injin buga littattafai ya zo daga Landan a 1712, baƙaƙen Tamil na darma kuma suka zo daga Halle a 1713. Baƙaƙen sun cika girma, suna cin takarda, takarda kuwa ta yi wuya. Sai mai buga littattafan ya narka darmar da aka naɗo cuku da ita daga Ingila, ya zuba ƙanana. A 1715 aka gama buga Sabon Alkawari da Tamil, na fari da aka buga da wani harshen Indiya.

Ya buɗe makarantu, har da ta 'yan mata. A 1718 aka keɓe majami'ar Sabuwar Urushalima a Titin Sarki. Bayan wata huɗu, ran 23 ga Fabrairu 1719, Ziegenbalg ya rasu yana da shekara 36, aka binne shi a cikinta. Ya kai littafin Rut a juyin Tsohon Alkawari, waɗansu suka ƙarasa. A 1733 aka naɗa Aaron, watau Haruna, haifaffen gidan Hindu, ya zama fasto na fari ɗan Indiya a cikin Furotesta. Har yanzu ana sujada da Tamil a majami'ar kowace Lahadi, bishop na ikkilisiyar Lutheran ta Tamil kuma yana amsa sunan Bishop na Tranquebar.

Akwai dai wani abu da ikkilisiyar ba ta iya kawar da shi da wuri ba. A Indiya ana haifar mutum cikin jinsin iyayensa, wanda suke kira jati, ko firistoci, ko fatake, ko maƙera, ko masunta, a cikinsa kuma zai yi aure. A can ƙasa akwai waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. Wannan bambanci ya bi sababbin Kirista har cikin majami'a, aka daɗe kowane jinsi da gefen da yake zama. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar, amma abin da ya shiga jini ba ya fita da doka kaɗai. Kafin mu yi musu dariya, bari mu dubi yadda ƙabilanci yake zama a kan bencinmu.

Masunta da ranar baƙin ciki

Arewa da haikalin nan ne unguwar masunta. Kakanninsu da kattumaram suke shiga teku, watau gumagumai da aka ɗaure da igiya, ruwa yana ratsa tsakaninsu amma ba sa nitsewa. Yanzu yawancinsu ƙananan jirage masu inji gare su. Maza sukan fita tun da asuba. In sun dawo, mata ne suke karɓar kifin, su yi ciniki, su ɗauka a ka zuwa ƙauyuka, su shanya saura. Suna da majalisar dattawansu mai sasanta rigima da tara kuɗin bikin haikali.

Ran Lahadi 26 ga Disamba 2004, kashegarin Kirsimati, aka yi girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra. Da hantsi sai ga teku ya taso kamar bango ya afka wa gaɓar. A lardin Nagapattinam, wanda garin yake ciki a lokacin, mutum fiye da 6,000 suka mutu. A Tarangambadi ɗaruruwa ne, yawancinsu mata da yara na masunta, gama su ne suke bakin ruwa a wannan sa'a. Ruwan bai tambayi kowa addininsa ba. Kagara da majami'u sun tsaya, amma gidajen talakawa sun tafi. Daga baya aka gina wa masunta sababbin gidaje nesa da ruwa kaɗan. Suka koma teku, gama ba su da wata gona sai shi.

Inda tsofaffi suke sake aure

Kafin mu bar yankin, muka leƙa Tirukadaiyur, kamar kilomita 8 daga garin. Akwai babban haikalin Shiba a can, mai doguwar hasumiya cike da siffofi, wanda rubutun bangonsa ya kai zamanin sarakunan Cola, wajen shekara 1,000 ke nan. Hindu suna ba da labari cewa a nan ne Shiba ya ceci wani yaro mai suna Markandeya, wanda aka ƙaddara zai mutu yana da shekara 16. Saboda wannan labari ake zuwa wurin roƙon tsawon rai.

In maigida ya cika shekara 60, ko 80, matarsa kuma tana da rai, sai 'ya'ya da jikoki su kawo su nan. A yi musu ado kamar ango da amarya, a rataya musu furanni, a busa algaita a kaɗa ganga, a zuba musu ruwa a ka. Sa'an nan tsoho ya sake ɗaura wa tsohuwarsa abin wuyan aure, wanda suke kira tali, kamar yadda ya yi ran farko. 'Ya'yan da ba su ga auren iyayensu ba, ga shi yau su ne masu hidimarsa. A ƙarshe duk su durƙusa a gaban tsofaffin su karɓi albarka. Kusan kowace rana akan ga iyalai da yawa suna wannan biki.

Mu dai mun san wanda rai da mutuwa suke hannunsa, ba kuwa a wurin dutse muke neman tsawon kwana ba. Duk da haka abin ya sa mu tunani. Mu da aka umarta mu girmama uba da uwa, sau nawa muke tara dangi saboda iyayenmu tun suna da rai? Ko sai ranar jana'iza ne muke yanka saniya?

Abin da muka ɗauko

Masu bindiga da jirage sun yi shekara 225 a Tarangambadi, abin da suka bari ya zama wurin kallo. Saurayin da ya zauna a rairayi cikin yara bai cika shekara 13 da zuwa ba ya mutu, amma littafin da ya juya ya zama tushen wanda Kiristan Tamil suke karantawa yau. Bambancin shi ne, waɗancan kayan mutane suka zo nema, shi kuwa mutanen ya nema, ya koyi harshensu, ya kuma ɗauki wahalar sanin abin da suke bauta wa.

Yawancinmu muna da maƙwabta waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Mun san abin da suka gaskata daga bakinsu, ko kuwa ji-ta-ji-ta muke bi? Muna iya gaishe su da harshensu? In aka zalunci gwauruwarsu, za mu tsaya mata? Muna roƙon kowane maigida ya tattauna waɗannan tambayoyi da iyalinsa a lokacin addu'ar yamma. Ku tuna kuma da mutanen Tarangambadi, masunta da 'yan kasuwa, Hindu da Musulmi da Kirista, musamman daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da guguwa take tasowa daga teku.